Shekarar da na kai kwando Marke

Kwandon nan da ke rataye a zaurenmu, wanda Balkisu ta taɓa saukewa za ta sa wa kaza ta yi kwanci na daka mata tsawa har ta yi kwana biyu tana gaishe ni ciki-ciki, shi ne zan yi muku bayaninsa yanzu. Na san abin da ake faɗa muku a gari. Tun kuna ƙanana ake kiranku 'ya'yan Mai Kwando, kuma na san wasunku sun yi dambe a kan sunan ba su ma san mafarinsa ba. Abin da mutanen Tunga suka riƙe shi ne wai ni Sahabi na sayar wa mutanen Marke fadamar gari a shekarar da aka yi ƙuri'ar rabuwa. Ban sayar da komai ba. Amma tunda ƙarfi ya fara barina, kuma waɗanda suka ga abin da idonsu suna ta raguwa, gara ku ji shi daga bakina kafin masu ƙarin gishiri su gama da shi.

Ku kun tashi kun tarar da Tunga gari ne mai uban ƙasarsa, shi ya sa ba za ku gane yadda abin ke ci mana rai ba a da. Asalin Tunga bukkokin noma ne na mutanen Marke. Kakanninmu kan fito da rani su yi albasa, su koma da damina, har wasu suka ga wahalar kai da kawowa ta yi yawa suka zauna. Da hanyar mota daga Jega zuwa Maiyama ta biyo ta gefenmu, sai Tunga ta cika ta batse, aka yi tasha, aka yi kasuwa, mahauta da masu shayi suka zo, Marke kuwa ta tsaya inda take a bayan fadama da tsofaffinta da itatuwanta. Duk da haka uban ƙasa yana can. Rigimar iyakar gona, rabon gado, ko takardar shaidar ɗan ƙasa da yaro zai shiga makaranta, sai ka tafi Marke ka cire takalmi ka yi zaman jira, wani yaro da bai kai ƙanenka ba ya riƙa ce maka ɗan tunga kamar zagi. Ni kaina na sha wannan, kuma ina jin zafinsa. Kada wani ya ce muku ubanku ba ya son gari ya tsaya da ƙafarsa.

Tsakaninmu da Marke akwai fadama, kuma a nan gonarmu take. Ba tamu ba ce ta gado, aro ce. Kakana Jabbi ne ya karɓe ta daga hannun kakan Baba Dikko na Marke, ba takarda, ba komai sai magana da shaidar dattawa. Shi ya haƙa rijiyar da ke tsakiyarta, da jigo yake ban-ruwa, babana ya gada, ni na zo na sa inji. Sharaɗin aron ɗaya ne. Kowace shekara idan albasa ta nuna, kafin a cika ko buhu ɗaya na sayarwa, sai a zaɓi manyan, a cika kwando, a kai ƙofar mai gona. Ba haya ba ce, don kwando ɗaya ba komai ba ne a gonar da ke cika mota. Ma'anarsa kawai mun san ba tamu ba ce. Muddin kwando na zuwa, mai gona ba ya tashinka, kuma kunya ba ta barinsa ya sayar da ita kana ciki. Ranar da kwando ya daina zuwa, aro ya mutu. In ka kai, za a ba ka fura ka sha, a sa maka albarka, a jefa ɗan goro a cikin kwandon don kada ya koma wofi. Yawancin gidajen Tunga haka suke da wani gida a Marke, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukar abin da zafi.

Zancen rabuwa ya daɗe ana yinsa a majalisar masu shayi, amma bai yi ƙarfi ba sai da Alhaji Mande ya sa hannu. Alhaji Mande dillalin albasa ne, a Aliero yake lodin manyan motoci zuwa kudu, kuma tun da nake ban taɓa ganin laka a ƙafarsa ba. Rana ɗaya sai ga shi ya zama mai kishin gari. Shi ke hayar rumfa, shi ke kawo lasifika, shi ke raba lemo a wurin taro, shi ke sa mai a motar da ke kai dattawa birni. Ni kuwa Allah ya yi ni da zargi. Innarku takan ce ko ruwa aka miƙo mini sai na leƙa ƙasan kwanon. To na leƙa. Na ga Alhaji sau da yawa da hantsi yana zagaya fadama da farar rigarsa, yana tattare ta kada ta taɓa ƙasa, yana tambayar yara masu ban-ruwa zurfin rijiyoyi, da inda ruwa ke kaiwa bazara bai ƙafe ba. Na ce a raina, mai neman uban ƙasa me ya haɗa shi da zurfin rijiya? Na faɗa wa mutum biyu uku, suka ce halina ne, wai ko an kai ni Aljanna sai na tambayi wa ya biya kuɗin mota.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙanena Atiku ya shige cikinsu har wuya. Kun san baffanku, mutum ne mai zafin zuciya da saurin yarda, kuma a lokacin yana gyaran injin ban-ruwa a bakin tasha, kowa na zuwa wurinsa, shi ya sa Alhaji ya jawo shi kusa. Da labari ya zo cewa gwamnati za ta turo kwamiti ya ji ra'ayin jama'a ta hanyar layi, masu son rabuwa su tsaya nan, masu son zama ƙarƙashin Marke su tsaya can, daga baya kuma kwamitin ya yanke inda iyaka za ta bi, sai aka kira babban taro. A nan Alhaji ya riƙe lasifika ya ce kwando bauta ce, kuma duk kwandon da ya tsallaka fadama bana shaida ce a hannun Marke cewa ƙasar tasu ce. Aka yanke cewa bana ba mai kaiwa. Ban je taron ba, ina can ina fama da inji. Washegari da safe Atiku ya same ni a gona, ina karya ruwa daga fangali zuwa fangali, ya tsuguna a kan kunya ya gaishe ni.

"Yaya, bana a bar kwandon ga ya huta," in ji shi. "Hakanan munka yanke, duk gari."

"Wa anka tambaya cikin masu gonar?" na ce.

"Mu na masu gona, Yaya. Wa yag gina rijiyar ga? In iyaka ta bi bayan fadama, shi ke nan, ta zama tamu har ɗiyan ɗiyanmu."

"In kuma ba ta bi ba?"

Ya tsinki lawashi yana murzawa a hannu, ya ce ni dai matsalata ban yarda da kowa ba. Na ce masa na yarda da Baba Dikko, don tun ina bin babana a baya muke kai masa kwando bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya tashi ya kaɗe wandonsa, ya ce to in yi abin da na ga dama, amma in sani gari na kallona.

Na yi kwanaki ina juya abin. Lissafina mai sauƙi ne. In na riƙe kwando, na kashe aron da kakana ya ƙulla, na dogara da kwamitin da ban san fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba. In na kai, gona tana hannuna ko iyaka ta bi gabas ko ta bi yamma, don aro bai san iyaka ba. Kuma ku duka a kan gonar nan kuke ci, Buhari yana sakandare a lokacin, Balkisu tana goye. A gida kuwa kowa da muryarsa. Gwaggonku Ige, da ke zaune da mu bayan rasuwar mijinta, kullum cewa take in bi jama'a, kada in ja wa gidan baƙin jini. Innarku Kulu ba ta ce uffan ba, kuma na san dalili. Ita 'yar Marke ce, tun da aka fara zancen rabuwa mata suka daina sakin baki in ta shigo gidan biki. Abin da kawai ta yi, ranar da na fara cirar albasa, na dawo na tarar ta sauke kwandon ta wanke shi ta kife a kan turmi yana shan rana, kamar yadda take yi kowace shekara.

Na zaɓi ranar kasuwar Jega, don ran nan gari kan yi fayau, maza duk sun bi motoci. Ba ɓuya nake yi ba, da rana tsaka zan tafi, amma ba na son in ratsa taron mutane da kwando a bayan babur kamar mai neman faɗa. Mutum biyu kaɗai na faɗa wa ranar, Kulu da Atiku. Atiku na faɗa masa ne don ban saba yi wa ɗan'uwana rufa-rufa ba, kuma na fi so ya ji daga gare ni. Ya dube ni kawai ya ci gaba da kwance injin da ke gabansa.

Tun daga nesa na ga abin da bai yi mini ba. Wata farar mota tana ƙarƙashin itacen da ke ƙofar Baba Dikko, takalma kuma sun cika bakin zaure, har da irin masu igiya na ma'aikata. Zuciyata ta ce in juya. Amma yaran unguwa sun riga sun gan ni, suna ta rige-rigen kama mini kwandon, kuma mutum ba ya zuwa ƙofar dattijo ya juya ba sallama. Na shiga. Baba Dikko na zaune a kan buzunsa, babban ɗansa Bube a gefe, sai baƙi uku da ban sani ba, ɗaya da biro a hannu. Ba sai an faɗa mini ba, 'yan kwamiti ne. Na durƙusa na gaida tsoho, na tura kwandon gabansa. A duk shekarun da na yi ina kawowa, abin da yake cewa shi ne madalla, Allah ya maimaita mana. Ran nan sai ya gyara murya, idonsa a kan albasar, bai dube ni ba.

"Sahabi, kwandon mi na wanga?"

Ya san amsar kamar yadda ya san sunansa. Na ce, "Na aro na, Baba."

"Aron mi? Hwaɗi da ƙarhi, kunnena ya yi nauyi."

"Gonar fadama, Baba. Wadda kakanku yab ba kakana."

Mai biro ya sunkuya ya yi rubutu. Kunnen Baba Dikko lafiyarsa lau, wannan na sani, don ko raɗa aka yi a soro na biyu yana ji. Aka kawo mini fura, an dama ta da nono mai kyau, an rufe da faifai, ka san ba yanzu aka dama ba, an ajiye ta ne ana jirana. Na sha don ba a ƙin sha, amma ban ji ɗanɗanonta ba. Tsoho ya jefa goro a kwandon kamar kullum, ya sa mini albarka mai tsawo fiye da ta kowace shekara, har lokacin bai ɗaga ido ya dube ni ba. Na ɗauki kwandona na fito. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don shi kaɗai ne mutumin da ban taɓa leƙa ƙasan kwanonsa ba.

Kafin in iso gida labari ya riga ni. Yadda ya ratsa fadama ya wuce babur, har yau ban sani ba. Da motocin Jega suka fara dawowa da la'asar, an riga an ce na je na rantse gaban kwamiti cewa duk fadama ta Marke ce. Goron da ke cikin kwando ya zama ƙunshin kuɗi, kafin mako ya zagayo ya zama sabon babur da aka ɓoye mini a Maiyama, daga baya har kujerar Makka aka ba ni, ni da har yau ban taka jirgi ba. Ni kuwa abin da ke cina daban ne. Wa ya gaya wa Marke ranar da zan zo? Na zargi Atiku, na ce ko ya faɗa wa Alhaji, Alhaji kuma yana da wata hanya da ban gani ba. Na zargi Ige, na ce ko ta ji ta bayan danga. Na zargi yaron da ya sayar mini da mai. Kulu ce ta ƙarshe da na so in zarga, amma 'yar Marke ce, kuma zuciya ba ta da linzami a irin wannan hali. Na daina cin tuwo da kirki, ina ta kallon kowa a gidan ta wutsiyar ido. Kulu ta gaji da kallon, rannan da hantsi tana tankaɗe ta ajiye rariya ta dube ni.

"Malam, in ni kaka nema, ga ni. Ni na aika."

Na tsaya da buta a hannu.

"Duk shekara ni ka aikawa ga matar Baba, in ce ranar kaza kana tahe, don a dama maka hura. Tun da anka kawo ni gidan ga. Ka taɓa zuwa ka iske ba a shirya maka ba?"

Ban taɓa ba. Kuma ban taɓa tambayar kaina dalili ba, na ɗauka gidan Baba Dikko kullum da fura a ajiye. Ashe haka matan ke yi tsakaninsu tun zamanin uwata, ba a barin mai kwando ya faɗo wa mutane kamar baƙon da ba a sani ba. Ta yi abin da aka koya mata ne, a shekarar da bai kamata a yi ba. Ban yi mata faɗa ba, kuma ba na so ko bayan raina wani cikinku ya ɗora mata wannan. Ta aika a dama fura, ba ta aika a kira kwamiti ba. Wanda ya kira kwamiti ya zaunar da su a zaure a daidai ranar, ko tsohon ne da kansa, ko Bube, ko wani ne daga wajenmu ya ba su shawara, wannan ban sani ba, kuma na bar wa Allah.

Ranar ƙuri'a aka taru a filin makarantar firamare, rana tana dukan kowa. Aka kafa alama biyu, maza da layinsu, mata da nasu. Layin masu son zama da Marke bai fi na 'yan tsofaffi ba, su ma suna ta sunne kai. Kowa ya zuba ido ya ga inda Mai Kwando zai tsaya, don sunan ya riga ya kama ni. Na wuce kai tsaye na shiga layin rabuwa, don abin da ke raina ke nan tun farko. Ina son Tunga ta samu uban ƙasarta, ina kuma son in riƙe amanar kakana, ban ga inda ɗaya ya hana ɗaya ba. Amma ina tsayawa na gabana ya matsa gaba, na bayana ya ja da baya, aka bar mini fili kamar mai ƙyanda. Can gefe kuma na hango Bube, ya zo kallo daga Marke, ya harɗe hannu yana dubana, ya ga wanda ke cin gonarsu ya tsaya a layin masu barinsu. Ina nan tsaye ni kaɗai sai Atiku ya baro gaba inda manya suke, ya zo ya shiga filin da aka bari a bayana. Bai gaishe ni ba. Da mai ƙirga ya wuce mu, na ji ya ce a hankali, "Yaya, ka kashe mu." Amma bai matsa ba har aka watse.

Tunga ta ci, aka yi ta kiɗa. Bayan wasu watanni aka ba mu gundumarmu, aka naɗa uban ƙasa, wani ɗan'uwan matar Alhaji Mande. Iyaka kuwa aka bi da ita ta bakin fadama daga wajenmu, fadama duk ta faɗa Marke. Ko kwandona ne ya jawo haka, ko dama can dattawan da kwamiti ya saurara sun isa, ban sani ba. Amma gari na bukatar mutum ɗaya da zai ɗora wa, kuma ga ni a kusa. Daga nan gidajen Marke suka fara aiko wa masu aro ɗaya bayan ɗaya cewa tunda kwando bai zo ba, kowa ya cire injinsa. Mutanen da muka tashi tare suka rasa gonakin da ubanninsu suka mutu suna nomawa. Ni kaɗai aka bari a tsakiyar fadama, kuma wannan ya ƙara tabbatar wa kowa cewa sayarwa na yi. Mahauci ya koma yanko mini jijiya, a masallaci in na miƙa hannu sai a ba ni yatsu. Na yi baƙin ciki a shekarar nan irin wanda ban yi ba ko a rasuwar babana.

Sai rani ya zagayo, na ga ana kafa sabbin injuna a gonakin da aka ƙwace, manya, masu jan ruwa kamar bakin rafi. Na tambayi leburorin na wa ne, suka ce na Alhaji Mande. A nan na zauna a bakin rijiya na haɗa abin da na daɗe ina gani gutsi-gutsi. Muddin kwando na zuwa, ba mai iya sayar da gonar aro. Da aka hana kwando, aro ya mutu, gonaki suka zama na sayarwa, kuma mai saye ya riga ya san zurfin kowace rijiya. In da iyaka ta faɗo wajenmu, uban ƙasa nasa ne, in ta faɗa Marke, magada na jiran mai kuɗi. Ba zan dafa littafi in ce haka ya shirya tun farko ba, don ban shiga zuciyarsa ba. Na dai faɗa muku abin da idona ya gani da yadda ya biyo juna. Na faɗa wa Atiku, daga ranar bai sake zuwa gidan Alhaji ba. Sauran gari kuwa suka ce ina neman wanda zan shafa wa laifina ne.

Baba Dikko ya rasu da damina ta gaba. Na je gaisuwa, Bube ya karɓe ni a tsaye. Ba a jima da yin sadakar arba'in ba na ji magada sun sayar da gonarmu, ga wanda kuka sani. Sai dai tsohon ya bar wasiyya a gaban shaidu cewa ko an sayar, kada a tashi Sahabi muddin yana kai kwando. Ko nadama ce ta sa shi, ko dama bai ɗauki abin da ya yi mini a zaure a bakin komai ba, shi ma wannan ya tafi da shi. Albasa na dab da nuna sai ga Alhaji Mande da kansa a gonar, da farar rigarsa a tattare, yana murmushi, ya yaba girman albasar, ya tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya.

"Malam Sahabi, kak ka damu da komi," in ji shi. "Ci gaba da nomanka awa da. Kwandon dai, ai ka san ƙohwata."

Na dube shi na ce, "Alhaji, ba kai kac ce bauta ta ba?"

Ya yi dariya, ya ce ai wancan zancen siyasa ne, ya wuce.

A gida kowa ya ce in kai. Ige ta ce in kai, Atiku da bakinsa ya ce in haɗiye in kai saboda yara, Kulu ta sauke kwandon ta wanke ta kife a kan turmi, ta shige ɗaki. Na san gaskiyarsu. Amma na ga kaina ina ratsa kasuwar Tunga da kwando, ina wuce mutanen da suka rasa gonakinsu a kan wannan kwandon, in je in durƙusa a ƙofar mutumin da ya tara su, shi kuma ya tara baƙi a zaure ya tambaye ni na mene ne. Kakana ya kai wa wanda ya ba shi gona don Allah. Wannan ba abin da ya ba kakana, kuma ba abin da ya ba ni. Na cire albasata ta ƙarshe, na kwance injina, na naɗe tiyo, na tsaya na leƙa rijiyar Jabbi sau ɗaya, na hau babur. Kwandon na ɗauke shi daga kan turmi na rataye a zaure.

Kun san abin da ya biyo baya, don a jikinku ya sauka. Buhari ya bar makaranta ya kama kabu-kabu a Jega, kuma na san har yau in ya ga abokan karatunsa abin na taɓa shi, ko da bai taɓa faɗa mini ba. Ni na koma Aliero ina zaɓen albasar wasu, ina ware manya da ƙanana da ruɓaɓɓu, da hannun da ya saba cirar tasa. Innarku ta sayar da ƙuli-ƙuli har idonta ya raunana. Ban ce ku ce na yi daidai ba, wataƙila wani uban da ya fi ni sanyin zuciya da ya kai, da kun fi haka jin daɗi. Abin da nake roƙonku kaɗan ne. In na mutu kada ku jefar da kwandon, kada kuma ku cika shi ku kai wa kowa. Duk wanda ya sake ce muku ubanku ya sayar da fadama, kada ku yi dambe da shi. Ku shigo da shi zaure ya ga kwandon, sannan ku tambaye shi wa ke noman fadamar yau.